Ruwan Dallol da Abincin Baƙo: Waiwaye kan Ƙasar Arewa

Wanda ya shimfiɗa taswirar jihar Doso ya kai ido gabas, dab da iyakar Najeriya, zai ga garuruwa sun jeru daga arewa zuwa kudu, ɗaya na bin ɗaya: Dogon Ƙirya, Bagaji, Matankari, Dogon Dutsi, Kiyeshe, Kore Mairuwa, Tibiri, Dumega, har a gangara Gesheme da Fadama. Ba a ganin kogi a wurin, amma kogi ne ya jera su. Dallol Mawri tsohon kwari ne da ruwa ya haƙa shekaru dubbai da suka wuce, zamanin da Sahara ke da ciyawa da tabkuna. Ya taso daga gefen Adar ya gangara har ya faɗa kogin Isa, wanda mutanen Najeriya ke kira Kwara, kusa da Gaya. Ruwan ya daina gudu a sama tun da daɗewa, sai dai bai bar ƙarƙashin ƙasa ba. A cikin kwarin, mai haƙar rijiya kan iske shi bayan 'yan gaba kaɗan. A kan tudu da fako kuwa, wani wurin sai an wuce gaba 20 ana fasa dutse. Da damina ruwan da ke gangarowa daga duwatsu kan taru a tabkuna, wasu su ƙafe kafin sanyi ya wuce, wasu su kai bazara.

An saba ba da tarihin ƙasar Arewa, wato ƙasar Arawa waɗanda Zabarmawa ke kira Mawri, ta bakin yaƙi da sarauta: wane ya ci wane, wane ya gaji wane. Ni a ganina akwai wata tambaya da ta fi buɗe wannan tarihi. Wa ke ba baƙo ruwa da abinci, a ina ake ba shi, kuma bisa wane sharaɗi? In aka bi amsar daga ƙarni zuwa ƙarni, za a ga yadda wurin saukar baƙo ya tashi daga bakin rijiya ya koma zango, daga zango ya koma kampama, daga nan ya koma tasha, da kuma yadda tabkin da aka juya wa baya ya dawo yana ciyar da gari.

Masu tarihin baka sun haɗu a kan cewa Gubawa ne suka fara zama a arewacin kwarin. Suna cewa wata mace ce ta taso daga Daura da jama'arta, tare da dutsen nan na shari'a da ake kira Tunguma, ta sauka a Lugu, aka yi mata sarautar Sarauniya. Baura kuma ya kafa Bagaji. Mafarauta ne da manoma, kuma abin da ya ba su iko a kan ƙasa shi ne su suka sare daji, su suka haƙa rijiya, su suka ƙulla amana da iskokin wurin. Duk wanda ya zo daga baya, a hannunsu yake roƙon gona, a rijiyarsu yake sha. Shi ya sa ake kiransu 'yan ƙasa. Sarautarsu ma ba ta takobi ba ce. Idan Sarauniya ko Baura ya rasu, ana yin tarkama: a ɗauki gawar a kan makara, ita ce za ta nuna wanda zai gaje ta. Mutum na iya ƙin yarda da wannan al'ada ta fuskar addini, kuma yawancin Arawan yau Musulmi ne da suka bar ta, amma ba zai iya fahimtar yadda aka raba ƙasar nan ba in bai san da ita ba.

Sai labarin Ari. Ana cewa ɗan Sarkin Borno ne da ya biyo rundunar mahaifinsa, ya tsaya a Bagaji, aka sauke shi, aka ciyar da shi, har ya samu ɗa da 'yar Baura. Ɗan shi ne Akazama, wanda sarakunan Arewa ke ɗaukar asalinsu daga gare shi. Masanin nan Bafaranshe Marc-Henri Piault, wanda ya tattara waɗannan riwayoyi ya wallafa su a 1970, ya nuna yadda jikokin Akazama suka yaɗu a kwarin, Matankari ta zama mazaunin Sarkin Arewa, wasu rassa suka gangara kudu suka kafa nasu sarautu a Katarma da Takasaba. Riwayoyin sun sha bamban a kan ƙananan abubuwa, amma ƙashin labarin ɗaya ne, kuma shi ya fi ɗaukar hankalina: gidan sarautar da ya mulki kwarin nan ɗaruruwan shekaru daga baƙo ya samo asali. Mai gida ya ba da ruwa, ya ba da tuwo, ya ba da 'ya. Baƙo ya samu sarauta da doki, mai gida ya riƙe ƙasa da rijiya, kuma sarki bai cika sarki ba sai Baura ya sa masa albarka. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. A Arewa raɓar ta zauna ta yi saiwa, amma ba ta tumɓuke kabar ba. Wannan rabon aiki, ɗaya da mulkin mutane ɗaya da amanar ƙasa, dabara ce ta zaman tare da ta cancanci a koyar da ita a makarantun Dogon Dutsi da Tibiri fiye da yadda ake yi.

Kwarin hanya ce kuma. Inda rijiyoyi suka jeru, nan ayari ke bi. A kudu, wajen da Dallol Foga ke haɗuwa da Dallol Mawri, akwai ƙasa mai gishiri. Mutane na kankare ta, su tace da ruwa, su dafa a tukwane har gishirin ya daskare, a naɗe shi cikin kaba. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya ratsa Foga a 1853 a hanyarsa ta zuwa Sayi da Tumbutu, ya kuma rubuta abin da ya gani na aikin gishirin. Wannan gishiri na hawa jakai da takarkari ya bi kwarin zuwa arewa, ya shiga Kabi da Sakkwato ta gabas, ya bi fataken goro zuwa kudu. Fatake ba sa shiga gari kai-tsaye. Madugu kan sauke ayarinsa a zango, a bayan gari, kusa da rijiya ko tabki, don dabbobi su sha. Can matan gari ke iske su da ƙoren fura, da tuwon gero, da dambu, da nono daga rugar Fulani. Babban ɗan kasuwa kuwa yana da mai masaukinsa a cikin gari, wanda ke ba shi ɗaki, ya aje masa kaya, ya nemo masa masu saye, ya tsaya masa in rigima ta taso, matansa kuma su aiko da akushi safe da dare. Ba a yanka wa tuwon nan farashi. Ladan mai masauki na fitowa ne daga la'adar ciniki da kyautar da baƙo zai bari ranar tafiya. Saboda haka cin abinci a bakin ruwa ba sabon abu ne a wannan ƙasa ba. Zango shi ne gidan saukar baƙi na farko a gaɓar tabkunan Arewa, kuma mata ne suka riƙe tukunyarsa.

Ƙarni na 19 ya zo da tashin hankali. Bayan jihadin da aka fara a 1804, Gwandu ta nemi ta ɗora ikonta a kan Kabi da maƙwabtanta. A 1849 Yakubu Nabame ya tayar da tutar Kabawa, Arawa da Zabarmawa da Dandawa suka mara masa baya. A Tibiri sunan Samna Ƙarfe ne ya fito a wannan zamani, har yau kuma sarautar Samna ce a garin. Ga Abzinawa da ke saukowa daga arewa. Zaman ƙauye ya yi wuya, mutane suka dunƙule a manyan garuruwa masu ganuwa ko shinge, garin da ke da rijiya kusa shi ke iya jure kewaye. Yawancin ƙananan ƙauyukan da ake gani yau a kan tudu, nesa da kwarin, sai bayan da yaƙe-yaƙe suka lafa aka kafa su.

Daga nan sai wasu baƙi suka zo waɗanda ba su san sallama ba. Ranar 14 ga Yuni 1898, a Paris, Ingila da Faransa suka sa hannu kan yarjejeniyar raba ƙasashen da yawancin masu sa hannun ba su taɓa gani ba. A takardar, iyaka ta bi tsakiyar Dallol Mawri, har ta haɗu da wata da'ira da aka zana mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato. A duba wannan da kyau: kwarin da ya haɗa jama'a ɗaya, da rijiyoyi ɗaya da kakanni ɗaya, shi aka mayar da layin rabuwa. Kuma zanen ya bar Faransawa da matsala, domin hanyar da ke da ruwa daga kogin Isa zuwa Damagaram ta faɗa ɓangaren Ingilishi. A farkon 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta taso daga bakin kogi ta nufi Tabkin Cadi, da sojoji da 'yan dako da mata da garken shanun da aka ƙwace. Taro irin wannan sai ya shanye rijiyar gari cikin wuni guda. Ƙishirwa ta sa suka bi layin rijiyoyi ba tare da kula da layin takarda ba, suka shigo Arewa suna ƙone garin da ya ƙi ba su hatsi. A watan Afrilu suka isa Lugu, inda Sarauniya Mangu da mutanenta suka tare su da baka da kibiya. An ƙone garin, jama'a suka janye cikin daji mai sarƙaƙiya. A watan Mayu suka yi kisan da har yau ba a manta da shi ba a Birnin Ƙonni, a watan Yuli kuma sojojinsu suka kashe su su biyun a wajen Maijirgi. Littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986 sun kai sunan Sarauniya duniya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, asalin abin da aka yi faɗa a kansa a kowane gari rumbu ne da rijiya.

Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka gyara iyakar, aka matsar da ita gabas da kudu don Faransa ta samu hanya mai ruwa, ayarin Kyaftin Tilho ya bi yana kafa alamomi. Duk da haka Arawa sun rabu biyu: wasu a nan, wasu a can wajen Kangiwa, a ƙaramar hukumar Arewa Dandi ta jihar Kabi a yau. A 1906 ɗin ne Faransawa suka ɗauke barikinsu daga Matankari suka kai Dogon Dutsi, Sarkin Arewa Koshe ya bi su. Dogon Dutsi, wanda a da bai kai Matankari suna ba, ya wayi gari shi ne babban birnin ƙasar Arewa, don kawai yana kan hanyar gabas.

Da bariki aka zo da kampama, ɗakin saukar Nasara da ma'aikatansa a kan hanya. A fuska ya yi kama da masauki, amma ya kifar da al'adar. A da mai gida ne ke cewa "Sannu da zuwa, ga ruwa", yana ba da abin da ya ga dama gwargwadon ƙarfinsa. Yanzu dogari ne ke zuwa ya ce kwamanda zai kwana, a kawo kaji da ƙwai da madara da itace da hatsin dawaki, a kawo samarin da za su ɗauki kaya su gyara hanya. Ciyar da baƙo ta tashi daga mutunci ta koma haraji. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, da ta 1931 da fara ta haddasa a yammacin Nijar, duk sun sami talakawa suna biyan wannan haraji. Bayan ta 1931 ne hukuma ta matsa wa kowane gari ya kafa rumbun tsimi, abin da mutane suka karɓa da zargi domin makullin ba a hannunsu yake ba. Sai a 1946 aka soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka.

Abin da ya fi komai sauya wurin cin abincin matafiyi shi ne mota. Tun da aka mayar da babban birnin Nijar daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, hanyar da ta haɗa biranen biyu ta zama igiyar ƙasar, Dogon Dutsi kuma tana kanta, kimanin kilomita 270 daga Yamai, tsakanin Doso da Ƙonni. Hanyar fatake daga arewa zuwa kudu take, tana bin ruwa. Kwalta kuwa ta yanko kwarin ne daga yamma zuwa gabas, ba ruwanta da rijiya. Jaki da raƙumi sai sun sha, mota kuwa mai take nema. Saboda haka zango ya mutu, tasha ta gaje shi, gari ya juya fuskarsa ga kwalta ya ba tabki baya.

Kada a raina tasha. Duk wanda ya taɓa hawa motar Yamai zuwa Maraɗi ko Tawa ko Damagaram ya san yadda ake jiran a iso Dutsi. Mota na tsayawa, masu talla sun kewaye ta: soyayyun zabi da kaji, dafaffen ƙwai, ƙuli-ƙuli, dambun zogale, ruwan leda. Ga mahauta da balangu da tsire a kan wuta, ga mai shayi da biredi da wainar ƙwai, ga rumfunan mata masu shinkafa da wake. "Alhaji, da miya ko da mai da yaji?" "Inna, ƙara mini romo." A cikin gari akwai masaukai irin su otel Magama, inda ma'aikatan gwamnati da na ƙungiyoyi ke kwana. Wannan ciniki ya rufa wa gidaje da yawa asiri, ya yi wa 'yan mata kayan ɗaki, ya biya kuɗin makarantar yara. Kamar a zango, mata ne ƙashin bayansa. Bambancin shi ne baƙon tasha ba ya kwana, ba ya sanin sunan wadda ta dafa masa, minti kaɗan direba ya danna oda. Alaƙar da a da ke iya kaiwa ga aure da sarauta ta taƙaita ga miƙa kuɗi ta tagar mota. Ina jin zafin wannan rashi, ko da yake na san babu mai son komawa zamanin da tafiya Yamai ke cin makonni.

Fari ne ya tuna wa gari da tabkinsa. A ƙasar da ruwan shekara ke kai-komo tsakanin milimita 400 da 600, kuma duk a cikin wata uku zuwa huɗu yake sauka, gero da wake su ne rayuwa. Da damina ta ci amana a 1973 da kuma 1984, rumbuna suka wofinta, dabbobi suka faɗi. Ta 1984 ta zo daidai da lokacin da gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, har mutane suka laƙaba wa yunwar sunansa. A wannan shekarar gwamnatin Seyni Kountché ta yi kiran a koma noman rani a duk inda ruwa ke kusa. A Dallol Mawri ba sai an yi dogon nema ba. Mutane suka gangara fadama, suka haƙa ƙananan rijiyoyi, suka kewaye garake da ƙaya da kara. Albasa, tumatir, salati, kabeji, tattasai, rogo, dankali, zogale, a kudu kuma rake da mangwaro. Abin da ya faro a matsayin maganin yunwa ya zama sana'a. Saurayin da a da zai tafi cin rani Legas ko Kwatano da zarar an gama girbi, yanzu yana da dalilin tsayawa, in ya samu fili da iri.

A Dogon Dutsi, Tabkin Sau ne cibiyar wannan aiki. Ruwan da ke gangarowa daga duwatsun da suka kewaye garin a nan yake taruwa, yana janyewa sannu a hankali bayan damina, manoma na bin sa da shuka. A nan ne dankalin turawa ya samu gindin zama, har Dutsi ta shiga jerin wuraren da aka san su da shi a Nijar, tare da Bonkuku da garaken Abzin. Ana shuka shi da shigowar sanyi, a haƙe shi wajen Fabrairu da Maris. Matsalarsa sananniya ce: iri daga Turai ake kawo shi da tsada, kowa kuma lokaci guda yake haƙa, farashi ya faɗi, ga zafin bazara da ke ruɓar da abin da aka aje. Haɗin gwiwar da ke tsakanin Dogon Dutsi da garin Orsay na Faransa, tare da ƙungiyoyin manoma na gida, ya taɓa wannan fanni: haƙa rijiyoyin burtsatse masu zurfi don kada noma ya tsaya in tabki ya ƙafe, da gina ɗakin sanyi na ajiya. Amma aikin da na fi ganin darajarsa shi ne mafi ƙarancin kwalliya, wato jera duwatsu a gangaren tuddai don a rage wa ruwa gudu. Kafin a yi shi, ruwan sama kan sauko wa gari da ƙarfi, ya rushe gidajen ƙasa, ya kwaso yashi ya zuba a tabki. Mutanen gari ne suka ɗauki duwatsun nan da hannunsu.

A nan akwai wani abin mamaki da ya kamata mai karatu ya sani. Masu binciken ruwa da suka auna rijiyoyin kudu maso yammacin Nijar, musamman gabashin Yamai, sun gano cewa ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi ta hauhawa tun daga shekarun 1960, har a cikin shekarun fari. Dalilin ba alheri ba ne tsantsa. Da aka sare dajin tudu aka mayar da shi gonaki da itacen girki, ƙasa ta yi tauri, ruwan sama ya daina nutsewa inda ya sauka. Sai ya gudu ta kwazazzabai ya taru a tabkuna, daga nan ya tsiyaya ƙasa. Wato tabkin da ya cika yana ba da labarin tudun da ya tsiraita. Ruwan da ya kawo albarkar garka shi ne ya kawo yashin da ke binne ta. Ga kuma kacalla da ke mamaye tabkunan kwarin, tana hana kamun tarwaɗa da karfasa, tana ba tsuntsaye masu cin hatsi mafaka. Saboda haka gyaran tabki daga kan tudu yake farawa, da haƙa ramukan rabin wata da tassa a fako, da barin gawo da sabara su sake tohowa a gona kamar yadda manoman Maraɗi suka nuna tun shekarun 1980.

Jama'a kuma ta ƙaru. Ƙidayar 2012 ta ba gundumar Dogon Dutsi mutum sama da 370,000, Tibiri kuma, wadda aka ɗaga ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, kimanin 270,000. Kowa na son kusa da ruwa. Tabkin da mai garka ke kewayewa da shinge shi ne mashayar da Bafulatani ya gada daga kakanninsa, burtalin da shanu ke bi zuwa gare shi kuma kowace shekara sai ya ƙara tsukewa. Dokar karkara ta 1993 ta kafa hukumomin filaye tun daga gunduma har ƙauye, dokar kiwo ta 2010 kuma ta tabbatar wa makiyayi haƙƙin kai dabbarsa ga ruwa. A 2004 an sa wani yanki na Dallol Mawri cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Takardu dai sun cika. Amma duk wanda ya zauna a zauren mai gari cikin watan Nuwamba, lokacin da garke ke saukowa daga arewa alhali wake bai gama fita daga gona ba, ya san cewa sulhu a bakin dattawa yake ƙulluwa ko ya warware. Bafulatanin nan shi ne baƙon da ya fi kowa daɗewa yana zuwa kwarin, nononsa ne a cikin furar da ake sayarwa a tasha, takin shanunsa ne a garka.

Ba nisa da nan, a ƙetaren iyaka, Argungu ta nuna abin da ruwa da tarihi ke iya jawowa. Bikin kamun kifinta, wanda ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai a 1934 don rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, ya sa an gina masaukai kusa da kogin Matan Fada, UNESCO kuma ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016. Arewa na da abin nunawa da bai gaza wannan ba: Lugu da Bagaji, fadar Samna a Tibiri wadda Éliane de Latour ta yi fim a kanta, dogon dutsen da ke tsaye a kan gari, da koren garake a tsakiyar rani. Ina son in ga ranar da matafiyi zai sauka daga mota a Dutsi, ya taka zuwa wata rumfa mai tsabta a gefen Tabkin Sau, ya ci dankali da salatin da aka cire a gabansa, ya kwana, da safe a kai shi Matankari. Hakan zai mayar da baƙo bakin ruwa, inda ya fara sauka.

Sai dai ina da sharaɗi, kuma daga tarihin nan na ɗauko shi. Masaukin da za a gina ta hanyar ƙwace garkar talaka, ko toshe mashaya da katanga, ko mayar da matan da suka riƙe tukunyar zango da ta tasha 'yan wanke-wanke, kampama ce aka sake ginawa da siminti. Filin bakin tabki ya zauna a hannun masu noma shi, hanyar shanu ta zauna a buɗe, ribar abinci ta shiga hannun ƙungiyoyin matan da suka iya dafa shi.

Kuma baƙo ba ya zuwa sai hanya ta yi lafiya. Rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, sun nuna wa masu rumfuna a Dutsi da masu kai kaya kasuwar Bacaka yadda ciniki ke bushewa cikin mako guda. A arewacin gundumar, wajen Dogon Ƙirya da Sukukutan, 'yan bindiga sun sa wasu ƙauyuka kwana da ido ɗaya, baƙin da ke isowa Dutsi daga can kuwa ba yawon buɗe ido ya kawo su ba. Gidajen dangi ne ke sauke su, a ƙara ruwa a tukunya, a raba tabarma, ba tare da an tambaye su ranar komawa ba.